Kafin ka biya dala a kan manhajar rubutu a tabilet, karanta wannan zaren

1/
Zan faɗi magana da na san za ta sosa wa wasu rai, musamman masu iPad da murfi mai ƙyalli. Yawancin shawarar da ake ba ɗalibanmu kan manhajar rubuta darasi a tabilet, shawara ce da aka ɗinka wa wasu mutane a wata ƙasa, mu kuma muka zura ta haka nan ko gwaji babu. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/
Kullum tambayar ɗaya ce: "Don Allah Goodnotes ko Notability, wanne ya fi?" Sai a turo maka bidiyon wata yarinya a Kanada, tebur fes, kofin shayi, kala goma sha biyu na alƙalami. Ita wutarta ba ta ɗaukewa, intanet ɗinta ba ya yankewa, kuɗin aljihunta da dala ake ba ta. Kai kuma kana hostel a BUK kana layin caji.

3/
Tun kafin wani ya tambaya: babu kamfanin da ya ba ni ko sisi, babu wanda nake wa talla. Ra'ayina ne, kuma zan kawo dalilai. Wanda ke da ja, ya zo da nasa dalilan, ba da "ai kowa ita yake amfani da ita" ba.

4/
Matsayata a taƙaice: rubutun darasinka dukiyarka ce. Shekara 4, 5 ko 6 na zaman aji, zafi, yunwa, yajin aiki, duk suna cikinsa. Duk manhajar da za ta riƙe maka wannan dukiyar ta ce sai ka biya haya kafin ka yi yadda kake so da ita, ka yi mata kallon mai gidan haya. Kayan aro ba ya rufe katara.

5/
Kada ku ce ina ƙirƙira. A Nuwamban 2021 kamfanin Ginger Labs, masu Notability, suka wayi gari suka ce sun koma tsarin biyan kuɗi duk shekara. Har waɗanda suka riga suka sayi manhajar da kuɗinsu aka ce shekara ɗaya kawai za a bar musu, daga nan su ma su fara biya.

6/
Mutane suka yi ca a kansu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye, ya ce tsofaffin masu saye za su ci gaba da morar abin da suka saya. Madalla. Amma ku lura da abin da ya cece su: surutun dubban mutane. Da shiru aka yi, da an wuce wurin.

7/
Evernote fa? Manhajar da a da ake rantsuwa da ita. Kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta, cinikin ya kammala a farkon 2023. A Disamban shekarar suka ce mai amfani da ita kyauta rubutu 50 kacal zai iya buɗewa, a littafi guda. Tsofaffin rubutunka suna nan, amma in ka haura 50, sabo sai ka biya.

8/
Har Google da girmansa. Jamboard, allon rubutun da malamai da yawa suka saba da shi lokacin korona, an rufe shi a ƙarshen 2024. Kamfani na da ikon ya canja shawara, ya sayar da kansa, ko ya rufe shago. Kai ne ba ka da ikon sake zaman lakcar aji biyu.

9/
In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowace manhaja ita ce: ranar da na gaji da ke, ta wace ƙofa zan fita da kayana?

10/
Ga dalilin tambayar. Kowacce tana ajiye rubutu da irin fayil ɗinta. Goodnotes na da nata, Notability na da nata, Samsung Notes na da nata. Ba a yi su don su buɗe na juna ba. Abin da kowace na'ura a duniya ke buɗewa shi ne PDF. In manhaja ba ta fitar da littafinka gaba ɗaya zuwa PDF cikin sauƙi, ka wuce ta ko da zinare aka yi ta.

11/
Tambaya ta biyu: tana aiki in babu sabis? Wannan ba tambayar ƙauyanci ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahalar sadarwa, har bankuna suka riƙa tangarɗa.

12/
A ƙarshen Oktoban 2024 kuma jihohin Arewa da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya yi karatun jarrabawa a wannan makon ya san darajar kashi 1 na caji. Manhajar da sai ta gaisa da intanet kafin ta nuna maka shafin da kai ka rubuta da hannunka, batirinka da datarka take ci.

13/
Datar ma ai ba kyauta ba ce. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Littafi mai cike da hotunan allo da sautin lakca yana da nauyi. Ka shiga saitin manhajar ka ce kada ta tura komai sai an hau Wi-Fi.

14/
Tambaya ta uku: da wane kuɗi ake biya? Nan ne masu bidiyon waje ba za su taɓa fahimtarmu ba. Lokacin da Goodnotes 6 ta fito a Agustan 2023, farashinta a Amurka dala 9.99 ne a shekara, ko dala 29.99 saye ɗaya a na'urorin Apple. Su a wurinsu kuɗin abincin rana ne.

15/
Mu yi lissafi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dala 10 ɗin nan da take naira 4,600 ta koma 15,000. Kamfanin bai ƙara ko kwabo ba, amma kai an ninka maka sau uku kana barci.

16/
Naira 15,000 sau shekara 4 ya kama 60,000. Ɗan likitanci mai shekara 6, 90,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, kuma kuɗin kashewar da NELFUND ke ba ɗalibi bashi 20,000 ne a wata. Wato kusan kuɗin wata guda na ɗalibi zai tafi a kan hayar takarda.

17/
Ba tsada kaɗai ba. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka tsayar da shi ɗungurungum, sai tsakiyar 2025 suka fara dawo da shi. Kana da kuɗin a hannu, hanyar biya ta toshe. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya maimaituwa.

18/
'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan fi mu sauƙi ta wannan ɓangaren, tunda sefa a ɗaure take da yuro, ba ta irin wannan tsalle-tsallen. Amma maganar sabis da wuta da fita da kaya, jirgi ɗaya ya kwaso mu.

19/
Tambaya ta huɗu, wadda ya kamata ta zo tun kafin ka fitar da kuɗi a Farm Centre: tabilet ɗin da kansa yana karɓar alƙalami na gaske? Mutane na ta musu kan manhaja alhali allon da suka saya ba ya bambance bakin alƙalami da tafin hannu.

20/
Wannan alƙalamin mai kan roba da ake sayarwa da arha, yatsa ne kawai a wata siffa. Ka ɗora hannu a kan allo, shafi ya cika da zane. Babu manhajar da za ta mayar da shi S Pen. Galaxy Tab A8 da A9 ba sa aiki da S Pen. Yawancin jerin Tab S, har da S6 Lite, suna zuwa da shi a cikin kwali, kuma rubutu da shi ba ya buƙatar caji.

21/
A ɓangaren iPad, Apple Pencil daban ake sayensa, kuma kala huɗu ne: na 2015, na 2018, mai USB-C na 2023, da Pro na 2024. Ba kowanne ke aiki da kowane iPad ba. Ka duba lambar samfurin naka kafin ka biya. In kuma na hannu za ka saya, ka tabbata mai shi ya cire iCloud ɗinsa a gabanka, in ba haka ba faranti ka saya.

22/
To yanzu ga hukuncina, kuma ban ɓoye shi a bayan "ya danganta" ba. In Samsung mai S Pen gare ka, Samsung Notes ta ishe ka. Kyauta ce, tana buɗe PDF ka yi rubutu a kai, tana ɗaukar sauti, tana aiki babu sabis, tana fitar da PDF. Aibinta: ta Samsung ce, ranar da ka canja kamfani sai dai PDF ɗin da ka fitar.

23/
In iPad gare ka, fara da Notes ɗin da ya zo a ciki. Ana raina shi ne kawai don ba a biya. Yana karɓar rubutun hannu, yana ɗaukar hoton takarda ya gyara, kuma tun iPadOS 18 a 2024 kana iya rubuta lissafi da hannu ya fitar maka da amsa. Yi samista guda da shi tukun.

24/
In kana yawo tsakanin na'urori, wato tab na Android, wayar Tecno, kwamfutar yayanka mai Windows, to OneNote na Microsoft ne ke bin ka ko'ina. Kyauta ne, da wurin ajiya 5GB a OneDrive. Aibinsa: yana mayar da PDF kamar hotuna a kan shafi, kuma fitar da littafi ya fi sauƙi daga kwamfuta. Ka san da wannan tun farko.

25/
In kai mai bugawa ne da madannai, ɗan shari'a, ɗan tarihi, mai rubuta furojet, duba Obsidian ko Joplin. Obsidian na ajiye kowane rubutu a matsayin fayil na zallar haruffa a cikin na'urarka. Ko kamfanin ya mutu gobe, kowace kwamfuta za ta buɗe su. Wannan shi ake kira mallaka.

26/
"To malam, kana nufin Goodnotes da Notability ba su da amfani?" Suna da shi. Wanda ke fama da PDF mai shafi 800, kamar 'yan likitanci da 'yan injiniya, zai ji daɗin yadda Goodnotes ke tsara littattafai da neman kalma a cikin rubutun hannu. Notability kuma ta iya haɗa sauti da rubutu: ka taɓa kalma, ta kai ka daidai abin da malam ke faɗa a lokacin.

27/
Abin da nake ja da shi shi ne a biya kafin a san me ake saye. Ka yi amfani da ta kyauta har ka ci karo da katanga, ka iya faɗin sunan katangar da bakinka: "ina buƙatar kaza, wannan ba ta yi." A ranar ka cancanci ka biya. In kuma akwai zaɓin saye ɗaya, ya fi maka haya.

28/
In ka biya, kunna ajiyar kai-tsaye a ranar. Goodnotes da Notability a iPad duk suna iya tura kwafin littattafanka zuwa Google Drive, OneDrive ko Dropbox. Zaɓi PDF a wurin. Mutane na biyan kuɗi su zauna zaɓen kalar murfi, wannan saitin mai minti 2 kuma ba su taɓa buɗe shi ba.

29/
Sai 'yan "ni ai ina da wadda aka fasa, kyauta na sauke a Telegram." Ɗan'uwa, ka ɗauki manhajar da wani da ba ka sani ba ya buɗe cikinta ya yi abin da ya ga dama, ka sa a na'urar da imel ɗinka da hotunanka da manhajar bankinka suke. Don ka tsira da 15,000. Banza ta kori wofi kenan.

30/
Bayan haɗarin, irin wannan ba ta samun gyara daga masu ita. Ranar da ta ƙi buɗewa ana saura kwana 3 jarrabawa, wa za ka kai wa ƙara? Ga na kyauta na halal har biyar na lissafa a sama. Babu uzuri.

31/
Wani abu da masu bidiyon waje ba za su gwada maka ba: harshenmu. Ana tallar cewa manhaja na mayar da rubutun hannu ya zama bugagge. Kafin ka biya saboda wannan, rubuta "ƙasa" da "kasa", "ɗaki" da "daki", "ɓata" da "bata", ka ga me za ta fitar. Rubuta layi guda na ajami ma. Abin da idonka ya gani shi ne amsa.

32/
Daɗin abin shi ne tawada ba ruwanta da harshe. In ka bar rubutunka a matsayin rubutun hannu, ƙ ɗinka na nan da lanƙwasarta, Larabcinka na tafiya daga dama, zanen sinadaranka na nan yadda ka yi shi. Kowace manhaja ta kyauta na yin wannan.

33/
Yanzu ga inda zan taka wa wasu ƙafa da gaske. 'Yan kwalliyar rubutu. Awa 3 ana gyara kanun shafi, ana liƙa furanni, ana ɗaukar hoto a ɗora a Instagram da TikTok. A tambaye ka ma'anar abin da ke shafin, sai kame-kame. Malamin da zai duba takardarka bai san kalar da ka yi amfani da ita ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

34/
A 2014 wasu masu bincike a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, suka gwada ɗalibai masu rubutu da hannu da masu bugawa a kwamfuta. Masu bugawa sun fi kwafe maganar malami kalma da kalma, masu hannu kuma sun fi su a tambayoyin fahimta. Da wasu suka maimaita gwajin a 2019, tazarar ba ta fito ƙarara haka ba.

35/
Don haka kada wani ya sayar maka da alƙalami da sunan "kimiyya ta tabbatar". Abin da ya rage a tsaye, kuma kowane ɗalibi ya sani a jikinsa: ka ji magana, ka tauna, ka sake faɗinta da kalmominka, a nan karatu ke zama. Hannu na tilasta maka taƙaitawa ne don ba ya gudu kamar baki.

36/
Shi ya sa nake dariya in na ga ana tallar maɓallin AI mai taƙaita maka lakca, har da ƙarin kuɗi. Taƙaitawar ai ita ce karatun. Ka biya a yi maka ita, kamar ka biya wani ya je ya yi maka atisaye ne kana jiran ƙwanji ya fito a jikinka.

37/
In dabara kake so, ga ta kyauta. Tsarin Cornell, wanda Walter Pauk ya fito da shi a shekarun 1950: raba shafi uku. Dama rubutun aji, hagu tambayoyin da ka ciro daga ciki, ƙasa taƙaitawa a layi biyu ko uku. Rufe dama, amsa na hagu da ka. Layi biyu za ka ja, ko a littafin naira 500 yana yi.

38/
Ga masu hadda da yawa kuma akwai Anki, mai dawo maka da tambaya daidai lokacin da kake shirin mantawa. A Android kyauta ce da sunan AnkiDroid, a iPad kuma ana biya sau ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ya san sirrin tilawa tun kafin a ƙirƙiro ta.

39/
Maganar ɗaukar sautin lakca: nemi izinin malami tukun. Ladabi ne, kuma kariya ce gare ka. Kada kuma ka yaudari kanka. Sautin awa 2 sau kos 9 sau mako 13, yaushe za ka saurara? Ɗauki wurin da ya yi maka wuya kawai.

40/
Abu na ƙarshe mai zafi: tabilet na faɗuwa, ruwa na shiga, kuma duk wanda ke Kano ya san maganar ƙwacen waya ba wasa ba ce. Littafin takarda in ya ɓata, kos ɗaya ya tafi. Tabilet in ya tafi babu kwafi, digiri guda ya bi shi. Kowace Juma'a fitar da PDF na makon, kwafi ɗaya a Drive, ɗaya a filashi ko wayarka.

41/
Ga gwajin minti 15 kafin ka amince da kowace manhaja. Kashe data da Wi-Fi. Buɗe ta. Shigo da handawut mafi nauyi da kake da shi. Ɗora tafin hannunka ka rubuta shafi guda da saurin aji. Rufe, sake buɗewa. Fitar da shi PDF, tura wa abokinka ya buɗe a wayarsa. Ta faɗi ɗaya daga ciki? Goge ta.

42/
Wanda kuma ba shi da tabilet, 'yar'uwa ko ɗan'uwa, kada wannan zaren ya sa ka ji an bar ka a baya, balle ka matsa wa Baba ya ci bashi. Biro da littafi, sai ka ɗauki hoton shafukan da wayarka duk mako ka adana. Malaman da ke koyar da kai, yawancinsu da haka suka zama farfesoshi, hoton ma babu.

43/
Ku faɗa min a ƙasa: wace na'ura, wace manhaja, kuma yaushe rabonka da fitar da kwafi? Tambaya ta uku nake jira, ita ce ba a son amsawa. Wanda ke shirin shiga aji ɗaya bana, a tura masa kafin ya je kasuwa. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya raba mu da kari-oba. Amin.